Ranar da Na Buge Hannun Surukina

Dattijon da ya koya mini haɗa amfili, na'urar ƙara wa rediyo ƙarfi, mutumin unguwar Hanukofe ne, tsohon mai gyaran rediyon jiragen ruwa, Hausarsa ta kasuwa ce, rabi yaren Mina rabi Faransanci. Kafin ya bar ni in taɓa ko ƙusa a ɗakin aikinsa sai da ya sa na haddace doka biyu kamar karatun allo. Ta farko, in za ka auna wuta a cikin akwati, hannun hagunka ya shiga aljihu ya zauna, don in tsautsayi ya zo kada wutar ta bi ta hannu ɗaya ta ratsa ƙirji ta fita ta ɗayan. Ta biyu, kashe maɓalli ba ya nufin wuta ta tafi. Akwai wasu gwangwanaye a ciki, kondansa, masu ajiye wuta kamar randa, kuma suna iya kashe ƙato bayan an zare filogi daga bango. Saboda haka akwai sanda mai ƙugiyar tagulla a kai, da waya ɗaure da jikin akwatin, sai ka taɓa su da ita ta kwashe abin da ya rage kafin ka miƙa yatsa. Ya kan ce mini, "Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba, ko ba haka Hausawa ku ke faɗi ba?"

Ni mai gyaran talabijin da fanka ne, shagona yana kusa da kasuwar Agwe-Asiyeye, da shi nake ci. Rediyon hira kuwa ciwo ne da na ɗauko wa kaina. Ka sami lasisi, ka ɗaga eriya a kan rufi, ka yi kira cikin iska, wani da ba ka taɓa gani ba a wata ƙasa ya amsa maka, ku gaya wa juna yadda murya ke fita, ku yi sallama. A unguwarmu ta Zongo ba wanda ya ga amfanin wannan. Kowa yana da waya a aljihu, kowa yana magana da ɗan'uwansa a Kano ko Damagaram har yana ganin fuskarsa. Tsohuwata ta kan ce na bar mutanen da suka san ni ina neman waɗanda ba su san ni ba. Ni kuma mai saurin fushi ne, ban iya shanye magana ba, sai in yi ta bayani har kumfa ta taru a bakina, su kuma su yi ta dariya.

Rediyona ƙaramar murya gare ta. In sararin sama ya yi kyau a ji ni, in bai yi ba in wuni ina kira kamar mai tallan da ba a saye. Amfili shi ne abin da zai ƙara mata ƙarfi, na saye kuwa ya fi ƙarfin aljihuna, don haka na yanke shawarar haɗa nawa. Na ɗauki wajen shekara ina tara kaya. Taransifoma na naɗa shi da hannuna har yatsuna suka yi kanta. Akwatin wani maƙeri ya lanƙwasa mini daga jikin tsohon firji. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ƙwan rediyo, wato kwalaben gilashin nan masu jan wuta a ciki, waɗanda su ne zuciyar amfili irin na da. Biyu na samu, duk sun gaji, kuma duk wanda ya zauna da ni a shekarar nan ya ji ƙorafin rashin ƙwai mai kyau.

Ɗakin aikina wani ɗan kurkuku ne a ƙarshen tsakar gidanmu, gidan haya mai ƙofofi da yawa da idanu da yawa. A kan tebur akwai mita mai allura da nake auna wuta da ita, da wata mai nuna ƙarfin da ke fita, da osilo, akwati mai ɗan gilashi inda murya ke zama koren layi yana rawa. In layin ya yi sumul, murya tana fita da tsabta. In samansa ya baje kamar an danna shi da faranti, ka matsa wa amfili fiye da ƙima, kana ɓata wa maƙwabta iska. A ƙarƙashin tebur kuma akwai gwangwanin fenti cike da man taransifoma, da rezistans a nutse a ciki, shi ke shanye ƙarfin in ina gwaji don kada ya fita ta eriya. Ina alfahari da kayan nan fiye da yadda ya kamata. A ganina duk abin da ba a auna ba zance ne kawai.

A lokacin matata tana gidan iyayenta wankan jego, haihuwarta ta fari, 'ya mace. An yi suna lafiya, ana jiran arba'in ta dawo. Mahaifinta dillalin tsofaffin ƙarafa ne, ya yi shekaru yana saye a wajen tashar jiragen ruwa yana sayarwa, mutum ne da ya tsufa a gaban sikeli. Tsakanina da shi kunya ce irin ta gargajiya, ba ragi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakar idonsa ba. In na hango shi a layi nakan sauka daga babur, in cire takalmi, in durƙusa. Shi ma ba ya kiran sunana, kuma tun da aka ɗaura aure bai taɓa tako ƙofar gidanmu ba. Duk maganar da muka taɓa yi da shi, in aka tara ta, ba za ta wuce gaisuwa ba.

Ranar wata Lahadi ce da hantsi. Na buɗe murfin amfili ina daidaita shi, daga ni sai singileti da gajeren wando saboda zafi, hannun hagu a aljihu, allurar mita tana tsaye a sama da bolt dubu biyu. Koren layin ya fara yin kyau kenan, raina fes, sai na ji sallama daga bakin ƙofar gida. Na san muryar, ta surukina ce. Na kashe maɓalli, na zare filogi, na cire wayoyin mita, na shiga neman riga da hula kamar wanda gobara ta kama. Rigar tana bayan ƙofa, hular ta faɗa bayan tebur, wandon kirki yana ɗakin kwana sai da na raɓa ta bayan igiyar shanya na ɗauko. Sandar mai ƙugiya kuwa tana rataye a ƙusarta, ko kallonta ban yi ba.

Ina jin su da tsohuwata a tsakar gida suna gaisawa, irin gaisuwar surukai da ba ta ƙarewa, an tambayi gajiya, an tambayi mai jego, an tambayi jaririya, an tambayi kasuwa, an koma an sake daga farko. Na ɗauka a nan zai tsaya a kira ni. Sai na ji yana cewa, "Hajiya, ina ɗakin aikin yaron nan? Ina so in ga abin da yake ƙerawa."

Ya tsaya a bakin ƙofa, na zube ƙasa na gaishe shi, kaina a sunkuye. Ya amsa, ya cire takalmi ya shigo. Ban ga fuskarsa ba, ƙafafunsa kawai nake gani da gefen babbar rigarsa suna matsawa wajen tebur. Na ji ƙarar takarda ana warwarewa. Can na ɗan ɗaga ido, sai na ga hannunsa na dama riƙe da wani abu yana shiga cikin buɗaɗɗen akwatin, ɗan yatsansa mai zoben azurfa saura kaɗan ya taɓa kan ƙwan, inda babbar wuta take zama.

Ban yi tunani ba. Na zabura daga durƙuson, na daka tsawa na ce, "Kai!" na kai wa hannunsa duka. Da hannun hagu kuma, don shi ne ya fi kusa. Dukan ya yi ƙara, tas, kamar an mari yaro. Abin da ke hannunsa ya yi tsalle ya daki siminti ya tarwatse.

Ƙwan rediyo ne. Babba, mai kauri, irin wanda na shekara ina mafarkinsa. Gilashinsa ya watsu har ƙarƙashin tebur, ƙarafunan cikinsa suka tsaya tsirara a kan gindinsa.

Matan gidan da ke kitso a inuwar bango duk sun miƙe. Tsohuwata tana bakin ƙofa ta dafe ƙirji tana salati. Shi kuwa ya dubi bayan hannunsa, ya dubi gilashin a ƙasa, bai dube ni ba. Ya ninke takardar da ya warware, ya sa a aljihu, ya sa takalminsa, ya ce wa tsohuwata, "To Hajiya, sai an jima," ya fita. Na buɗe baki in ce wuta ce, in ce ransa na tsare, amma harshena ya ƙi. Ta ina mutum zai fara yi wa surukinsa bayani bayan ya ce masa kai? Na so ƙasa ta tsage in shige.

Kafin azahar labari ya gama Zongo, kuma ko'ina ya biya sai ya ƙaru. A bakin masu sayar da wace, wato shinkafa da wake, an ce marinsa na yi. A masallacin layinmu an ce na ture shi ya faɗi. Wani mai zemijan, wato ɗan acaɓa, da ban ma sani ba ya tsayar da ni ya ce, "Maigida, kai ne ka bugi Alaji? Ah, sa va pa fa, wannan ba kyau." Tsohuwata ta ƙi yi mini magana sai da la'asar, sannan ta ce, "Hannun hagu. Ko kuɗin cefane ba ka miƙo mini da shi, shi ka ɗaga wa uban matarka. Da wane ido zan kalli mutanen gidan nan?" Na ce, "Mma, da ya taɓa da yanzu ana zaman makoki." Ta ce, "To da bakinka ciwo yake? Ba ka iya cewa Baba dakata?" Gaskiyarta ce, kalma biyu ne.

Da yamma na kira matata. Na tambaye ta abin da babanta ya ce, ta ce bai ce komai ba, ya shiga ɗakinsa ya rufe, ko abincin rana bai ci ba. Sai ta gaya mini abin da ya ƙarasa ni. Ashe tun tana da ciki yake tambayarta wane irin abu ne nake nema na rasa, ta kwatanta masa da hannu, kwalba mai ƙaho a ka. Ya yi ta sa ido a cikin tarkacen da ake sauke masa, har aka kawo wata tsohuwar rediyon jirgi, ya hana yaransa fasa ta da guduma, ya zauna da kansa ya kwance. Ta ce ta roƙe shi ya ba ta ta aiko mini, ya ce a'a, abin gilashi ne, shi zai kai, kuma yana so ya gwada da idonsa ya ga ko irinsa ne. Dattijon da bai taɓa tako gidanmu ba ya ajiye kunyarsa ya hau zemijan da ƙwai a cinya, abin da ya samu ke nan.

Abu ɗaya ya rage mini in riƙe, cewa dai na ceci ransa. Sai wannan halin nawa na aune-aune ya hana ni zama lafiya. Washegari da na dawo daga shago na share gilashin, na haɗa mita, na kunna amfili har allura ta hau, na kashe, na zuba mata ido. Ta fara sauka. Akwai wasu rezistans da ake jerawa a kan kondansa don su tsotse wutar a hankali bayan an kashe, ni na like su da dalma da hannuna, kuma na like su da kyau. Kafin in gama karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu allura ta kwanta. Gaisuwar tsohuwata da surukina kuwa ta isa a karanta izu. Na sake gwadawa, na canja mita na sake, amsar ɗaya ce. A lokacin da ya miƙa hannu, ba abin da ke cikin akwatin nan sai ɗumin gilashi.

Na je Hanukofe na gaya wa malamina. Ya saurara yana goge tabarau, ya ce, "Ka yi daidai. Rezistans yana ƙonewa shiru, ba ya aiko takarda. Ko ni ne zan buge hannun." Na ce, "Fofo," haka nake kiransa don girmamawa, "surukina ne fa." Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kuran bai san suruki ba," wato wutar lantarki. Maganarsa gaskiya ce, amma ba ta raka ni ko bakin titi ba. Ban gaya wa kowa a Zongo abin da mita ta nuna ba.

Arba'in ya zo ya wuce. Bisa al'ada tsohuwata ta aika da goro da sabulu a tambayi ranar da za a maido mai jego. Aka karɓi goron, aka yi godiya, aka ce Alhaji bai sa rana ba tukuna. Aka sake aikawa, aka ce yarinya tana ɗan tari, a bari ta warware. Ba wanda ya ambaci saki, ba wanda ya ambaci yaji, amma kowa ya gane. Ɗakina ya zauna a share da sabon labule da ɗan gadon jaririya ba kowa. 'Yata tana girma a gidan da ba ni da fuskar shiga, sai dai a turo mini hotonta a waya. Na daina kunna rediyo, na daina bin layin gidansu, sallar Juma'a ma na koma wani masallaci can wajen Abeji don kada mu haɗu.

Kawuna ne ya shiga maganar, ƙanen tsohuwata, mai sayar da atamfa, mutum mai baki kamar zuma. Ya je ya ba da haƙuri, ya dawo ya same ni. Ya ce, "Alaji bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Na faɗa mishi wuta ce a ciki mai kashe raƙumi. Ya ce shi bai ga wuta ba, waya ma a zare take. To gani ya kori ji. Za ka iya nuna mishi?" Na ce zan iya. In aka kashe aka taɓa da sandar nan take, tana bugawa kamar bindiga. Ya ce, "Bon, shi ke nan. Ka sa ta buga da kyau, sauran ka bar mini." Na bar shi ya tafi a kan haka. Na ce a raina ai ba ƙarya zan yi ba, wutar gaske ce, ƙarar gaske ce. Na san dai ba ita ce wutar ranar ba.

Suka zo wata Lahadin da hantsi, surukina da kawu. Matan gida kowa ta sami aikin yi a tsakar gida, mai tsintar shinkafa, mai wankin da ba ya ƙarewa. Wannan karon da riga da hula na tarye su. Surukina ya tsaya daga bakin ƙofa, kawu ya shigo. Na nemi izini na miƙe, na ce wa kawu ya ba Baba haƙuri zan sa hannu a aljihu a gabansa, dokar aikin ce. Na kunna. Ƙwayayen suka yi ja, taransifoma ya fara gurnani, allura ta hau ta tsaya. Na kashe, na ɗauki sanda na taɓa. Ta buga, tau, da shuɗin haske, har wata mata ta zubar da shinkafarta. Kawu ya yi baya ya daki bango yana cewa, "Lahaula! Alaji ka gani? Ka gani da idonka? Wallahi yaron nan ranka ya tsare."

Surukina bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon mita, sannan ya yi magana, da kawu yake yi ba da ni ba.

"Na gani. Wannan allurar, sikelin wutar ke nan?"

Kawu ya dube ni, na ce, "Shi ne, Baba."

"To. Ni mai sikeli ne. In za a auna kaya, yadda aka kawo shi ake aunawa, ba a jiƙa shi da ruwa. Ran nan ba ina shigowa aka kashe ba. Ina ƙofar gida na ji wannan gurnanin ya tsaya. Ka ce ya kunna, in na yi sallama ya kashe, ya bar sikelin a jiki, kada ya taɓa sanda."

Ya juya ya fita har bakin ƙofar gida. Kawu ya dube ni yana murmushi, shi a ganinsa an gama. Na kunna. Sallama ta zo daga waje, na kashe. Tsohuwata ba ta san abin da ake ciki ba, ta amsa da ladabi, suka shiga gaisuwa tiryan-tiryan kamar ranar. Ina gajiya, ina mai jego, ina jaririya, ya kasuwa. Ni kuwa ina tsaye ina kallon allura tana gangarowa. Ba ta ko jira aka kai kan jaririya ba. Kawu ya leƙo ya ce a hankali, "Me ya sa take sauka?" Na ce, "Haka take yi." Ya ce, "Ka sani?" Na ce, "Na sani." Ya ciro hankici ya goge wuya.

Ban taɓa jin gaisuwa mai tsawon wannan ba. Akwai lokacin da zan iya taɓa maɓalli da gwiwar hannu allura ta sake hawa, kawu ma na ga idonsa ya kai wurin. Ba zan ce tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba. Dattijon yana da kunne, zai ji gurnanin.

Ya dawo, ya cire takalmi, ya shigo har gaban tebur, ya sunkuya ya dubi mita kamar yadda yake duban sikelinsa.

"Ta kwanta," ya ce.

"Ta kwanta, Baba."

"Ran nan ma haka take?"

"Haka take."

"Yaushe ka sani?"

"Washegari."

Ya gyaɗa kai. Zufa tana bin bayana har cikin wando. A tsakar gida ko cokali ba ya motsi. Sai ya ɗaga hannun nan nasa mai zoben azurfa, ya tsayar da shi a saman akwatin, ya ce, "To yanzu in sa?"

Abin da ya kamata suruki ya ce shi ne to Baba, sa. Allura tana ƙasa, na riga na sha kunya, kawu yana zare mini ido. Amma na ji bakina ya ce, "A'a, Baba. Don Allah dakata." Na ce masa mita tana iya ƙarya, wayarta tana iya tsinkewa a ciki ta nuna babu alhali akwai, abin da ke tsotse wutar yana iya ƙonewa ba a sani ba, ba a sa hannu sai an taɓa da sanda. Ban taɓa jera masa magana mai tsawon haka ba, kuma duk kaina a ƙasa na yi ta. Na ɗauki sanda na taɓa kondansa ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙyas ba ta yi ba. Na ce, "Yanzu ba komai, Baba."

Bai sa hannun ba. Ya maida shi cikin riga, ya juya wajen kawu.

"Ka faɗa ma ɗanka, hannu tun a hanya ya daina zafi. Ƙwai kuma gilashi ne, da ma mai fashewa ne. Dakata ɗin nan da ya ce yanzu, ita na zo nema. Da ita ya faɗa ran nan, da ba a kai ga haka ba. Ni ko ubana bai ce mini kai a gaban mata ba."

Kawu ya shiga ba da haƙuri, ni kuma na zube ƙasa, hawaye suna ɗiga a kan siminti, ina jin haushin kaina da na kasa riƙe su. Ya bari kawu ya gama, sannan ya ce, "Ranar Alhamis a zo a ɗauki yarinya. Jaririya ta warke."

Ya kai bakin ƙofa ya sa takalmi ɗaya, sai ya tsaya ya sa hannu a aljihun babbar riga ya ciro wani abu naɗe a takarda. Ya ce wa kawu, "Biyu ne a cikin rediyon. Ɗayan yana aljihuna ran nan." Na ɗago hannu biyu in karɓa. Bai ba ni ba. Ya sunkuya da ƙyar, da ciwon gwiwarsa, ya ajiye shi a ƙasa a kan tabarma, a jikin bango.

"Nan ba inda zai faɗi," ya ce, ya sa ɗayan takalmin ya tafi.

Matata ta dawo ranar Alhamis da 'yarmu da garar jego. Zongo ta sami wani zancen ta bar nawa, sai dai har yau akwai tsofaffin da in na miƙa musu hannu a masallaci sukan janye nasu da wasa su ce a hankali, Malam, da wane hannu. Amfili ya yi aiki, an ji ni a ƙasashen da ban iya faɗin sunansu daidai ba, da tsofaffin ƙwayayena guda biyu da suka gaji. Ni da surukina muka koma yadda muke, in durƙusa ya amsa. Ya riƙe 'yata a cinya, ya saya mata awarwaro, ya yi mini addu'a ta bakin matata. Amma bai sake tako gidanmu ba har Allah ya karɓi abinsa, kuma bai taɓa tambaya ko ƙwan ya yi aiki ba.

Malamina na Hanukofe yana da na'urar gwada ƙwan rediyo, minti kaɗan ne a san mai rai ne ko matacce. Ya sha ce mini in kawo. Nakan ce to, sai wani satin. Ƙwan yana nan a ɗakin aikina cikin takardarsa, a ƙasa, a jikin bango. In matata za ta yi shara takan zagaye shi. Na auna komai a ɗakin nan, har abin da bai buƙaci awo ba, amma shi ban auna ba, don ina tsoron allura ta ƙi tashi, in gane cewa mai ran shi ne wanda na fasa.